Rahoton kwamitin gyaran ɗakin kwamfuta da haɗa firinta a makarantar garinmu

Assalamu alaikum iyayenmu, malamanmu da 'yan uwa tsofaffin ɗalibai na gida da na birni. Alhamdulillahi aikin da kuka ɗora mana ya kammala, ga bayanin abin da aka yi.

Gyaran ɗakin kam kowa ya gani da idonsa. An cire kwanon da yake yoyo an sa sabo, katakon da gara ta cinye an canja shi an shafe da baƙin mai, an yi silin, birkila ya toshe tsagar bangon gabas, tagogi an sa musu gilas da raga saboda ƙurar hunturu. Wayarin ɗin ma sabo ne gaba ɗaya, kuma duk kebul ɗin da ya haɗa kwamfutoci a cikin bututun roba aka bi da shi, don na da ɓeraye ne suka gama da shi.

Inda aka fi yi mana tambaya shi ne maganar firinta, wasu na cewa me ya sa ba a sayo biyu ko uku ba aka tsaya ana ta rubuce-rubuce a baƙin allo. To ga yadda abin yake. Firintar da muke da ita HP LaserJet P1102 ce, lafiyarta lau, amma kebul ɗin USB kawai take da shi, wato kwamfuta ɗaya take sha. A da duk malamin da zai buga tambayoyin jarrabawa sai ya kwafe a filas ya je ofis ya jira a ba shi wuri, kuma ta wannan filas ɗin ne bairos yake zagaye kwamfutocin makarantar har aikin mutum ya ɓace, yara kuma masu son takardar JAMB ko sakamakon NECO sai sun hau mashin zuwa cikin gari sun biya kuɗin bugu da na mashin. Sayo firinta uku na nufin tona (wato garin tawadar firinta) uku da gyara uku, ga cin wuta, don irin wannan firintar sai ta gasa tona a jikin takarda, idan biyu suka tashi tare inbatar solarmu ba za ta ɗauka ba.

Sai muka ɗauki tsohuwar kwamfuta ɗaya daga cikin takwas ɗin da ke ɗakin muka mai da ita saba, wato kwamfutar da aka jona wa firintar take karɓar aikin bugu daga sauran, aka sa mata tsarin tafiyar da kwamfuta mai suna Ubuntu Server 24.04 wanda ya fito a watan Afrilun 2024, kyauta ne kuma ana ba shi gyaran tsaro na shekara 5. Shi wannan ba hoto ba linzami, baƙin allo ne kawai kana rubuta masa umarni yana yi, shi ya sa tsohuwar kwamfuta ma take ɗaukarsa ba nauyi. Manhajar da ke raba firintar sunanta CUPS, tun 1999 ake amfani da ita, kamfanin Apple ya saye ta a 2007, ita ce ma a cikin kwamfutocinsu, don haka ba wani sabon abu muka gwada a kan dukiyar jama'a ba.

Malamin kwamfuta ne ya zauna a kujera, ɗan bautar ƙasar da aka turo mana yana tsaye a bayansa, sakataren kwamiti kuma riƙe da biro da littafi, duk layin da aka buga sai an tsaya ya kwafe harafi-harafi an duba. Da farko sudo apt install cups hplip avahi-daemon, sannan lpinfo -v don a ga ko sabar ta gane an jona mata firinta. Ta gane amma ba ta fitar da komai ba, ashe wannan samfurin sai an ƙara masa wani ɗan fayil da ake saukewa da hp-plugin -i, kuma kun san sabis ɗin garinmu, sai bayan isha'i da aka ɗora wayar a kan taga sannan ya sauka. Daga nan aka yi mata rajista da lpadmin aka sa mata suna ofis, aka buɗe rabawa da cupsctl --share-printers da kuma lpadmin -p ofis -o printer-is-shared=true, aka buɗe ƙofa mai lamba 631 wadda ta nan CUPS ke karɓar aiki. An kuma kafe wa sabar adireshi ɗaya a rawuta, wato na'urar da ke haɗa kwamfutocin da juna, wannan yana da muhimmanci sosai, don idan wuta ta ɗauke ta dawo rawuta kan iya ba ta wata lambar daban sai kowa ya neme ta ya rasa.

Yanzu sauran kwamfutoci bakwai ɗin duk suna bugawa daga inda suke, har laftof ɗin shugaban makaranta mai Windows, wayoyin malamai ma sun gan ta idan suna kan wayifayin makaranta. Kuma ba a buƙatar data wajen bugawa, rawuta a kunne kawai. Ranar gwaji Mai Gari da kansa ya zo, aka tura takarda daga kwamfutar ƙarshen ɗaki ta fito a ofis da ɗuminta aka miƙa masa, ya juya ta ya sa albarka.

Abin da kwamiti ya fi dagewa a kai shi ne wannan littafin. Ɗan bautar ƙasa shekara ɗaya zai yi ya tafi, malami ana iya canja masa wurin aiki gobe, kuma mun sha ganin kayan da aka kawo garin nan suka mutu don mutum ɗaya ne ya san kansu. Aikin da aka yi da danne-danne wuya ne ka rubuta shi wani ya bi, amma umarni layi ne, ko sabar ta lalace a ɗauko wata a bi littafin a mayar da komai. Mun gwada ma, aka kira ɗalibai biyu 'yan SS2, mace da namiji, aka goge firintar aka ce su dawo da ita da littafin kawai, kuma sun dawo da ita. A ciki akwai lpstat -t na duba halin da take ciki, cancel -a na share aikin da ya maƙale, da cupsenable ofis idan ta tsaya. Kwafi ɗaya yana ofis, ɗaya wajen sakatare.

Dan Allah malamai a riƙa rufe firintar da mayafinta bayan an tashi, kuma kada a kunna ta da daddare lokacin da batir ya yi ƙasa. Tonarta mai lamba 85A ce, duk wanda zai taimaka daga Kano ya duba lambar kafin ya biya. Maganar ko za a sa wa kowane malami iyakar shafin da zai buga a sati, CUPS na iya yin hakan, amma mun bar wa shugaban makaranta da PTA su yanke. Lissafin kuɗi da rasidai suna hannun ma'aji, za a karanta su a taron ranar Asabar bayan la'asar a harabar makaranta, wanda yake nesa kuma za a tura masa hotonsu.

Wassalam.
Sakatare, a madadin kwamiti