Nofollow a cikin gida ba ya ƙara wa shafi maki

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in ja hankalin 'yan kasuwa da masu makarantu na Kaduna da suka buɗe shafukan intanet. Akwai masu gyaran shafi da ke karɓar kuɗinsu don su manna alamar nofollow, mai gaya wa Google kada ya bi mahaɗi, a kan mahaɗan cikin gida, wato masu kai mai karatu daga wannan feji zuwa wancan a shafi ɗaya, wai don makin Domain Authority, ma'aunin ƙarfin shafi, ya hau. Ba zai hau ba.

Makin nan na kamfanin Moz ne, daga 1 zuwa 100, kuma Google ba ya aiki da shi wajen jera sakamakon bincike. Ahrefs ma yana da nasa, Domain Rating. Dukansu mahaɗan waje suka fi dubawa: shafuka nawa ne ke nuno naka, kuma mene ne ƙarfinsu.

Gaskiya dabarar ta taɓa ci. An fito da nofollow a 2005 don daƙile masu watsa mahaɗan banza, sai masu wayo suka mayar da shi hanyar karkata ƙarfin PageRank, wato ƙimar da Google ke ba feji ta hanyar mahaɗai, zuwa inda suke so. A 2009 Matt Cutts na Google ya bayyana cewa tuni an toshe wannan ƙofa. A ce fejin farko na mai atamfa a Kasuwar Gumi yana da ƙarfi 12 da mahaɗai 6, ya sa wa 2 nofollow. A da, sauran 4 za su samu 3 kowanne. Yanzu da 6 ake rabawa, kowanne ya samu 2, kason mahaɗai biyun masu nofollow kuwa ya bi ruwa. Tun 2019 ma Google shawara kawai ya ɗauki alamar, ya ga dama ya bi, ya ga dama ya ƙi.

Ga abin yi. A saukar da Screaming Frog, manhajar binciken shafi, yana duba adireshi 500 kyauta, ya kuwa ishi yawancin shafukanmu. A tace mahaɗan ciki masu nofollow a cire alamar. A leƙa saitin Yoast ko Rank Math, manhajojin gyara shafi don bincike, idan da WordPress aka gina shafin, domin wani lokaci feji guda ake sa wa nofollow gaba ɗaya, duk mahaɗansa su shafu, kayan da ke can ciki su daɗe Google bai gano su ba.

Fejin da ba a so ya fito a bincike, kamar kwandon sayayya, alamar noindex ake sa masa. Amma kada a haɗa da toshe shi a robots.txt, fayil ɗin da ke gaya wa Google inda ba zai shiga ba, don in an hana Google shiga ba zai ga umarnin ba. Mahaɗin tallan da aka biya kuɗinsa kuma, alamar sponsored ce tasa.

Naka,
Wani mai gina shafukan intanet,
Unguwar Rimi, Kaduna.