Wa ke rubuta shekarun yaro a takardar ƙara?

Malam Edita, assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in faɗi abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Na yi shekara ashirin da ɗoriya ina aikin magatakarda a kotun majistare kafin in yi ritaya. Har yau ina tuna wani yaro da aka kawo mana kan zargin satar batirin mota. Wata ƙatuwar rigar ƙwallo ce a jikinsa, ƙafa ba takalmi, gashin baki ko alama babu. Da ya shiga akwatin tuhuma, kansa kawai muke hangowa. Amma takardar ƙara ta ce shekararsa 18. Na tari mahaifiyarsa a baranda na tambaye ta, ta ce, "Wallahi Malam, ni dai na san da damina na haife shi, shekarar da ruwa ya ci mana gida." Takardar haihuwa kuwa babu. Da wannan lambar da wani ya rubuta a gurguje yaron ya yi wata biyu cikin manyan ɓarayi kafin a samu mai tsaya masa.

Abin takaicin, dokar kare irinsa ta girme ni a aiki. A Shikago ta Amurka aka buɗe kotun yara ta farko a 1899, bayan wasu mata, irin su Lucy Flower da Julia Lathrop, sun gaji da ganin ana kulle yara ɗaki ɗaya da riƙaƙƙun masu laifi. Ingila ta bi sahu a 1908. Turawa suka kawo tsarin zuwa Legas a 1943, Jihar Arewa ta samu tata dokar a 1958. Manufar ita ce alƙali ya zauna da yaro kamar uba: ba a tara masa 'yan kallo, ba a yayata sunansa, ana kiran iyayensa, a tambayi yadda aka yi ya lalace. Wanda ya gagara sai a kai shi gidan gyaran hali ya koyi sana'a, kamar Bostal na Kakuri a Kaduna. Mu ma ba baƙon abu ba ne a gare mu, tun muna makarantar allo muka ji cewa an ɗauke wa yaro alƙalami har sai ya balaga.

To amma ƙofar shiga wannan kotu ɗaya ce, shekaru. Ranar 1 ga Nuwamban 2024 duk mun ga yaran da aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa, da yawansu daga Kano da Kaduna, suna zubewa a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja, ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa. Sai da duniya ta yi caa, sannan Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su. Waɗanda ba a ɗauki hotonsu ba fa?

Roƙona, in alƙali ya ga fuska ta saɓa da abin da ke takarda, ya dakata, ya kira iyaye da mai unguwa, ko ya tura wa likita ya kimanta. Kai kuma Malam Edita, ka turo wakilinka kotun majistare ranar Litinin da safe, lokacin da ake sauke waɗanda suka kwana a hannun hukuma tun Juma'a. Ya zauna a bencin baya, ya riƙa sauraron shekarun da ake karantowa yana duban fuskokin masu su.

Naka,
Wani tsohon magatakardan kotu, daga Zariya