Ba duk wanda ya shigo a ƙarshen wasa ne ɗan benci ba

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ɗauki alƙalami ne saboda wata magana da na karanta a shafinku na wasanni makon jiya, inda marubucin ya ce ɗan wasan da ba a fara wasa da shi, sai can a ƙarshe a sako shi, ba shi da abin da zai koyar idan ya zama koci. Ƙwallon ƙafa yake nufi, na sani. Ni kuwa da besbol zan ba shi amsa, wasan da na koya ta rediyon mota a shekarun da na yi ina tuƙin tasi a unguwar Bronx ta birnin New York, inda filin ƙungiyar Yankees yake.

A besbol wasa zango 9 ne, kuma mai jifa shi ne ƙashin bayan kowace ƙungiya. Wanda ya fara jifa ba kasafai yake kaiwa ƙarshe ba, hannu kan gaji. Sai a ɗaga wayar da ke jikin bangon rumfar 'yan wasa, a kira can bayan fili inda masu karɓa, wato masu jifan da ke canjin wanda ya gaji, ke ɗumama hannu, a ce wane ya taso. Wani lokaci yana isowa zai tarar da abokan hamayya sun cika fili, bugu ɗaya ya isa ya rushe aikin yini guda.

Ga mai jifa Dave Righetti. Da shi ake fara wasa a Yankees, kuma shi ne gwarzon sababbin 'yan wasa na rukunin American League a 1981. Ranar 4 ga Yuli 1983, ranar bikin 'yancin Amurka, ya yi wa Boston Red Sox jifa tun daga zango na farko har na 9 ba tare da an lissafa wa ko mutum ɗaya bugu mai kyau ba. Yankees ta ci 4 da nema, kuma wanda ya fitar a ƙarshe shi ne Wade Boggs, mutumin da ƙwallo ba ta cika wuce masa ba. Rabon ƙungiyar da ganin irin wannan tun 1956.

To, shekara na zagayowa sai aka ce masa ya koma cikin masu karɓa, domin Goose Gossage mai rufe musu wasa ya bar ƙungiyar. Magoya baya da yawa ba su ji daɗi ba, har yanzu idan na ɗauko wani dattijo muka shiga hirar nan sai ya girgiza kai ya ce an ɓarnatar da yaron. Ni ban yarda ba. A 1986 sau 46 yana karɓar wasan da ƙungiyarsa ke gaba ya tsare mata nasara, adadin da ba a taɓa kaiwa ba a lokacin, sai a 1990 Bobby Thigpen ya wuce shi da 57. Da ya ajiye wasa a 1995 ya tsare nasara sau 252 jimilla.

Amma inda nake so marubucinku ya duba shi ne abin da ya biyo baya. A 2000 San Francisco Giants ta ba shi horar da masu jifa, ya riƙe aikin har 2017, ƙarƙashin shugabanni uku: Dusty Baker, Felipe Alou da Bruce Bochy. Ai ko a kasuwa, yaron shagon da iyayen gida uku suka gada ɗaya bayan ɗaya ba a banza suka riƙe shi ba. A hannunsa Tim Lincecum ya ɗauki kyautar Cy Young ta gwarzon mai jifa a 2008 da 2009, ƙungiyar kuma ta ci kofin World Series, wato na zakarun besbol na Amurka, a 2010, 2012 da 2014.

Wasan ƙarshe na 2014 a Kansas City ina cikin mota na saurare shi, har na faka gefen titi na kashe fitilar haya. Madison Bumgarner mai fara wasa ne, kwana biyu kacal ya huta bayan ya yi jifar wasa guda cur. Aka kira shi a matsayin mai karɓa a zango na 5, ya riƙe har ƙarshe ba a ci shi ko ɗaya ba, Giants ta tsira da 3 da 2, alhali mutumin Kansas City na tsaye taki ɗaya daga farke wasan. Shawarar Bochy ce, ban musa ba. Sai dai Righetti, kocin da ke kula da hannun yaron, mutum ne da shekara 30 kafin nan aka ɗauke shi daga fara wasa aka kai shi karɓa, ya san yadda ake tashi daga zaune a shiga wuta ba shiri. Wanda bai taɓa zama jiran wayar nan ba, me zai gaya masa?

Roƙona, Ranka ya daɗe, a ba marubucin dama ya sake duba maganarsa, kuma ko sau ɗaya a wata a riƙa saka mana labarin besbol. Akwai Hausawan Ghana da Nijar da Najeriya a nan da 'ya'yansu ke buga shi a makaranta, iyaye kuwa sai dai mu yi tafi idan mun ga ana tafi.

Na gode.

Naku mai karatu,
daga Bronx, New York