Na Samu Aiki A Birtaniya Bayan Karatu, Amma Na Kasa Faɗa Wa Iyayena Halin Da Nake Ciki

Assalamu alaikum Malam,

Ina gaishe ka tare da ma'aikatan wannan fili, Allah ya ƙara basira, ya saka maka da alheri bisa haƙurin da kake yi da matsalolin jama'a. Ni matashi ne, ɗan fari a gidanmu. Na yi digiri na biyu a fannin lissafin kuɗi a wata jami'a a Ingila, yanzu kuma ina aiki a wani kamfani a birnin Manchesta. Duk wanda ya ji haka sai ya ce kakata ta yanke saƙa, ni ma ina gode wa Allah. Sai dai tun da na bar makaranta hankalina bai kwanta ba, kuma babu wanda zan iya buɗe wa cikina a dangi, shi ya sa na kawo kukana gare ka.

Lokacin da nake ɗalibi ban ji zafin baƙunta sosai ba. Akwai wurin salla a cikin jami'a, akwai ƙungiyar ɗalibai Musulmi, ga abokai da muke karatu tare mu ci abinci tare. Ana yaye mu kowa ya kama gabansa, wasu suka koma gida, wasu suka nufi Landan. Na wayi gari ni kaɗai a ɗakin haya, a gidan da ban san sauran mazaunansa ba sai gaisuwar baki.

Maganar kuɗi ita ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Kafin albashi ya shigo asusuna an riga an yanke harajin kashi 20 cikin ɗari a kan duk abin da ya haura fam 12,570 a shekara, an cire kashi 8 na inshorar ƙasa, an kuma cire na fansho. Harajin ƙaramar hukuma da ake yafe wa ɗalibai, yanzu ya hau kaina. Kafin a ba ni makullin ɗaki sai da na ajiye kuɗin jingina na hayar mako biyar, kafin a ba ni biza kuma sai da na biya kuɗin kiwon lafiya, fam 1,035 na kowace shekara, na shekara biyu a dunƙule. Idan na fitar da haya da wuta da kuɗin mota, abin da ke saura ba shi da yawa.

A gida ba haka ake lissafi ba. Ana jin adadin albashin a juya shi zuwa kuɗinmu, sai a ga dukiya. Ƙannena na jiran kuɗin makaranta, 'yan uwa na turo saƙo kowa da uzurinsa, kuma uzurin gaskiya ne, ba na zargin kowa. Mahaifina fili ya sayar ya biya mini kuɗin karatu, bai taɓa goranta mini ba ko sau ɗaya, wannan shirun nasa ma shi ya fi yi mini nauyi. Duk wata nakan tura abin da ya fi ƙarfina, in ƙarasa kwanakin da suka rage da katin bashi na banki, wanda ruwan da ke kansa yake damun zuciyata ta fuskar addini. Idan Umma ta kira ta ce "Yaya aikin?" sai in ce alhamdulillahi, komai lafiya. Ina tsoron in faɗi gaskiya ta shiga damuwa, ko Baba ya ga kamar ya yi asarar filinsa.

A wurin aiki ma ina fama. An tarbiyyantar da ni in sunkuyar da kai gaban babba, in yi shiru har sai an tambaye ni. A nan ana kiran shugaba da sunansa kai tsaye, ana katse shi a taro a kawo ra'ayi, kuma wanda ya yi haka shi ake gani ya san aiki. Da aka zauna duba ƙwazona, shugabar sashenmu ta yaba aikina, sannan ta ce ba a jin muryata, tana so in riƙa nuna na yarda da kaina. Na koma ɗaki raina a jagule, domin abin da nake yi don girmamawa shi aka ɗauka rauni. Ranar Juma'a da yamma abokan aiki kan tafi mashaya, a can ake sabo, a can ake jin labarin gurbin da zai buɗe. Ni ba na zuwa, ba kuma zan je ba, amma ina ganin yadda ake barina a baya.

Ga kuma hunturu. A watan Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma, sai in fita da duhu in dawo da duhu. Azahar da La'asar da Magariba duk sukan same ni a ofis, kusa da juna, ina neman lungun da zan shimfiɗa darduma. Ranar Idi ba hutu ba ce a nan, sai dai mutum ya cire daga kwana 28 na hutunsa na shekara. Akwai ƙarshen makon da nakan wuni ban yi magana da kowa baki da baki ba. Barcina ya ragu, karatun Alƙur'anin da na saba da asuba ma yanzu da ƙyar nake yi, wannan kuwa yana ba ni tsoro ƙwarai.

Duk wannan ina yi ne lokaci na ƙure mini. Bizar da nake kai ita ce wadda aka fito da ita a Yulin 2021 don waɗanda suka kammala karatu, tawa ta shekara biyu ce kuma ba a sabunta ta. In zan ci gaba da zama, sai kamfani mai lasisin ɗaukar baƙi aiki ya tsaya mini in samu bizar aiki. Mafi ƙarancin albashin da ake nema kafin a ba da bizar aikin ya tashi daga fam 26,200 zuwa 38,700 a Afrilun 2024, ya koma 41,700 a Yulin 2025. Akwai rangwame ga sababbin masu digiri, amma har yau kamfaninmu bai ce mini uffan ba, ni kuma nauyin baki ya hana ni tambaya. Iyayena sun fara maganar aure, ni ma ina so, domin zaman kaɗaici a nan haɗari ne ga matashi. To amma wannan bizar ba ta ba ni damar kawo matar da na aura bayan gama karatu, ban kuma so in ɗaura wa 'yar mutane aure in bar ta tana jiran abin da ban san ranarsa ba.

Malam, babban abin da nake nema shi ne ka koya mini yadda zan faɗa wa mahaifina gaskiyar samuna ba tare da na karya masa zuciya ba. Da Umma zan fara, ko in sa kawuna ya shiga tsakani? In na yanke wani adadi da zan riƙa turawa duk wata, na ce wa sauran dangi su yi haƙuri, na shiga haƙƙin zumunci? Sannan idan wa'adin ya cika ban samu mai tsaya mini ba, ko na samu amma na ga ibadata da lafiyata na ci gaba da raguwa, in tattara in dawo, ko in daure don ƙannena su gama karatu? Zuciyata ta fi karkata ga dawowa, amma ina jin kunyar idon Baba.

Ina roƙon a sakaya sunana, domin 'yan gidanmu na bibiyar wannan fili. Allah ya ƙara girma.

Ɗanka,
Wani bawan Allah daga Manchesta