A Ba Mu Tarihin Sara Jeannette Duncan

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon shafinku na adabi ya kawo mana tarihin Sara Jeannette Duncan, 'yar Kanada da aka haifa a garin Brantford a 1861. Koyarwa ta fara, sai ta ajiye alli ta kama aikin jarida a zamanin da ake ganin mace a ɗakin labarai kamar baƙuwa. A 1886 jaridar Globe ta Toronto ta ɗauke ta aiki, tana sa hannu da sunan aro, Garth Grafton. Daga baya ta riƙa aiko wa jaridar Montreal Star rahoton majalisa daga Ottawa.

Abin da ya fi burge ni shi ne tafiyar da ta yi a 1888 ita da ƙawarta, su biyu rak, suka bi ta Japan har Indiya. A can ta haɗu da mijin da ta aura, ta zauna shekaru da dama. Amma littafinta The Imperialist na 1904 gida ya koma, kan siyasar wani ƙaramin gari a lardin Ontario na Kanada. Ta rasu a Ingila a 1922.

Ku taimaka, ko da shafi guda ne.

Naku,
Mai karatu daga Zariya