Roƙon Tallafi Domin Gyaran Ɗakin Kaka Kafin Saukar Damina

Zuwa ga ƴan'uwa a cikin Almasihu, na nan Maraɗi da waɗanda neman abinci ya kai Yamai, Damagaram, Katsina, Kano da Kwatano, muna gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu.

Dattawan ikilisiya da shugabannin zumuntar mata ne suka haɗu suka rubuto muku wannan takarda, kuma maganar da ke tafe da mu guda ɗaya ce: ɗakin nan na bayan majami'a, wanda babba da yaro suka sani da ɗakin Kaka, yana gab da faɗuwa. Tun daminar 2024, wadda ruwanta ya rushe gidaje masu yawa a cikin garin nan da ƙauyukan jiha, bangon gabas ya tsage daga sama har tushe, kuma tsagar ta buɗe har yaro yana iya zura hannunsa ciki. Iska ta yaye wani sashe na rufin, abin da ya rage kuwa tsatsa ta cinye shi, an danne shi da duwatsu da tsohuwar tayar mota. Gara ta gama da katakon da ke riƙe da kwanon. Dole ta sa muka kwashe ma'aunin yara da littattafan rajista muka ajiye a gidan Baba Fasto, matan da ke zuwa da goyo kuma yanzu a gindin dogon yaro suke zama, cikin ƙura da rana, domin babu wanda zai yarda a shigar da jariri ƙarƙashin wannan rufi. Magini ya duba ya faɗa mana gaskiya, cewa ɗakin ba zai ga ƙarshen wata damina yana tsaye ba.

Ga ƙananan da suka taso ba su san mafarin ɗakin ba, ya kamata mu faɗi ko wace ce Kaka. Malamar jinya ce da ta yi ƙuruciyarta tana aiki a Danja, asibitin kutare da mishan na SIM ya kafa a 1956 kudu da Maraɗi, a zamanin da mutane da yawa ba sa yarda su sha ruwa a ƙwarya ɗaya da mai wannan ciwo. Ita kuwa takan wanke musu gyambo da hannunta, ta naɗe, sannan ta zauna su ci tuwo tare. Lokacin annobar sanƙarau ta 1995 iyayenmu suna ba da labarin yadda take kwana a zaune kan marasa lafiya, ba ta komawa gida sai don ta sake zane. Da ta ajiye aiki, shekarun da wasu suke hutawa suna wasa da jikoki, sai ga yunwar 2005, wadda ta cika Maraɗi da uwaye ɗauke da yaran da tamowa ta kama. A wannan shekara ce ta roƙi dattawa su ba ta wannan ɗaki, wanda a da ajiyar tsofaffin bencina ake yi a ciki.

Waɗanda suka taɓa shiga ba za su manta da yadda take aiki ba. Takan zauna a kan ƴar kujerarta, tabarau a ƙarshen hanci, ta ɗaura wa yaro zaren awo mai launi uku a damtse, kuma idan awon ya faɗa kan ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ba ta tsayawa dogon bayani, sai ta yafa gyale ta raka uwar asibiti da ƙafarta, sau da yawa ma ita ke biyan kuɗin kabu-kabu. Ba ta taɓa mai da ɗakin asibiti ba, ta san iyakarta, amma ta koya wa mata da yawa haɗa ruwan gishiri da sukari idan zawo ya kama yaro, da dama kunun hatsi da gyaɗa da garin zogale, da ɗaura sange kafin masassarar watan Agusta ta kankama. Faɗa gare ta, wannan ba a ɓoye yake ba, kuma magidancin da ya bar matarsa da tsohon ciki ba awo ya san abin da zai ji daga bakinta ko a gaban waye. Ba ta tambayar mace addininta kafin ta duba ɗanta, shi ya sa ranar jana'izarta maƙwabtanmu Musulmi suka cika ƙofar gida, wata dattijuwa daga cikinsu tana nuna jikanta tana cewa, “Wannan da kuke gani, Allah ya raya, Kaka ta yi jinya.” Abin ya tuna wa da yawanmu labarin Tabita a Ayyukan Manzanni sura 9, inda gwauraye suka tsaya suna kuka suna nuna tufafin da ta ɗinka musu.

A wannan rana ce kuma, ƴan'uwa, aka yi alkawura. Ba mu so mu tayar da maganar ba, amma ta zama dole. Mutane sun miƙe a gaban ikilisiya, wani ya ce siminti a wuyansa, wani ya ce kwano, wasu suka ce da sun koma wurin aiki za su aiko, kuma magatakarda ya rubuta komai a littafi. Kaɗan ne suka cika. Mun san rayuwa ta yi tsada, mun san yadda farashin tiyar hatsi ya wahalar da gidaje, ba kuma za mu karanta sunan kowa a majami'a ba, sai dai alkawarin da aka ɗauka a gaban Allah da gawar baiwarsa bai kamata a bar shi ya kwanta a takarda ba. Akwai cikinmu waɗanda a yau suke hawa mota suna rufa wa iyalinsu asiri, waɗanda a hannun Kaka aka auna su suna ƴan wata shida, uwayensu kuma suna raye za su ba da shaida.

Muna godiya ƙwarai ga waɗanda ba su jira an tuna musu ba. Zumuntar mata sun yi ta tara kuɗin ƙuli-ƙuli da na awara har suka sayi yashi da tsakuwa, ga su nan jibge a harabar majami'a. Matasa sun buga bulo da hannunsu a ranakun Asabar. Wata gwauruwa da ba ta so a ambace ta ta kawo akuyarta ɗaya tilo ta ce a sayar, muka yi ta roƙonta ta mayar, ta ƙi. Wani maƙwabcinmu Musulmi mai sayar da kayan gini ya ba mu ƙusa da ƙofar ƙarfe kyauta, ya ce matarsa ta ci moriyar ɗakin nan sau ba adadi. Idan na waje ya yi haka, mu ƴan gida me za mu ce?

Abin da aka tara ya zuwa yanzu bai kai rabin abin da ake bukata ba. Saura siminti, kwano, katako da ladan magini, kuma so muke a rushe bangon da ya tsage a tayar da sabo, a yi rufi kafin watan Yuni, domin idan ruwa ya sauka kan yashin da bulon da aka tara, wahalar mata da matasa za ta bi rariya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai buhun siminti ya kawo, mai kwano ɗaya ya kawo, mai jaka ɗaya ko dala ashirin kada ya ji kunya, wanda kuma ba shi da ko ɗaya amma yana da ƙarfi, to ya zo ranar aikin gayya. Matan da Kaka ta koyar suna nan, sun ce a shirye suke su ci gaba da awon yara da zarar an sami wurin zama.

Ana miƙa gudummawa ga ma'ajin ikilisiya kowace Lahadi bayan sujada, zai kuma ba da takardar shaida. Waɗanda ke nesa su tuntuɓi Baba Fasto ko shugabar zumuntar mata domin a nuna musu hanyar aikowa, kuma muna roƙon wanda takardar nan ta isa gare shi ya karanta wa ɗan'uwan da bai samu ba. Za a yi baiko na musamman domin wannan aiki a Lahadin farko ta watan gobe.

Ubangiji ya sa albarka a aikin hannuwanku.

Kwamitin dattawan ikilisiya da zumuntar mata, Maraɗi.