Godiya ga masu lambun furanni na hanyar Jami'ar Bayero, musamman yaron da ya ceci shukata

Assalamu alaikum, Baba mai lambu da yaranka.

Ranar da na zo wurinku na yi godiya a tsaitsaye, mai adaidaita yana ta danna mini oda, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta ta yadda kowa zai gani. Ko sunan yaron ban tambaya ba, abin kunya. Dogo ne siriri, na same shi yana ban ruwa, ƙafar wandonsa a naɗe. Shi zai gane kansa, kai ma za ka gane shi.

A ƙarshen damina na sayi wata shukar ado a wani wuri daban, irin wadda masu lambu suke kira kuroton, mai ganye ja da rawaya da kore kamar an yanko atamfa. Na zuba ta a wata tukunyar tangaran mai kyau, na ajiye ta a lungun falo, daidai ƙarƙashin esi. Ba a yi sati biyu ba ganyen ƙasa ya fara zuba. Na ce tsofaffi ne. Da hunturu ya kankama a watan Disamba, kullum da safe sai na share uku ko huɗu, wasu ma da launinsu ras, ba su ko bushe ba. Har ta kai saura ganye shida a can ƙololuwa, maigida ya laƙaba mata suna "sandar Hajiya".

Na koma wurin wanda ya sayar mini. Ko kallon hoton da na nuna masa a waya bai yi da kyau ba, ya ce, "Ai haka suke, Hajiya, ki ɗauki wata." Na biyun da na tambaya ya ƙulla mini takin zamani a leda, ya ce in riƙa zubawa duk sati, yunwa ce ke damunta. Na uku ya ce ƙishirwa ce, in ba ta ruwa safe da yamma. Ni kuwa da ban san komai ba na haɗa duka biyun, taki da ruwa, ganye ya ci gaba da zuba. Wata maƙwabciyata ta leƙo ta ce bakin mutane ne, tunda duk wanda ya shigo sai ya yaba. A lokacin har na fara yarda da ita, don ita kaɗai ce ba ta nemi sayar mini da komai ba.

Da niyyar sayen wata na zo lambunku, na ɗauko tsohuwar ne kawai don a cire ta a sa sabuwa a tukunyar. Yaron ya ajiye bokitinsa, ya gaishe ni, ya ce, "Hajiya, bari mu duba wannan tukuna." Ya sa farce ya ɗan kankare jikin karan, sai ga kore a ciki. Ya ce da ranta. Daga nan ya shiga jero tambayoyi kamar likita: yaushe na saye ta, ina na ajiye ta, rana tana kaiwa wurin, sau nawa nake ba ta ruwa. Ya ɗaga tukunyar ya leƙa gindinta, ya dube ni, ya ce babu huda ko ɗaya. Wata biyu ina ɗura ruwa a abin da ba shi da mafita.

Da ya zare ta daga tukunyar wani wari ya taso, kusan rabin saiwar ta yi baƙi ta yi laushi. Na ce to yaya shukar da ke cikin ruwa tsamo-tsamo za ta yi yaushi kamar mai ƙishirwa? Amsarsa har yau tana kaina. Ya ce, "Saiwar da ta ruɓe ba ta shan ruwa, Hajiya, ko a cikin kogi take." Ya ce saiwa ma tana bukatar iska, idan ƙasa ta cika da ruwa sai ta shaƙe ta mutu. Ganye kuma ta jikinsa ruwa yake fita, don haka idan saiwa ta kasa kai masa, shukar sai ta rage ganyen don ta tsira da ranta. Shi ya sa yawan ruwa da ƙarancinsa suke kama da juna a ido. Takin da na yi ta zubawa kuwa, ya ce ƙona ragowar saiwar ya yi.

Bai tsaya nan ba. Ya juya bayan wani ganye ya haska fitilar wayarsa, ya nuna mini wata siririyar yana a inda ganye ya haɗu da kara. Ya shimfiɗa farar takarda ya karkaɗa ganyen a kai, sai ga wasu jajayen ɗigo-ɗigo suna motsi. Ni da na ɗauka ƙurar hunturu ce. Ashe ƙwari ne masu tsotse ganye, kuma babu lokacin da suke so kamar na bushewar iska da ƙura.

Da na koma gida 'yata ta karanto mini cewa asalin kuroton daga ƙasashen Indonesiya da Malesiya da tsibiran tekun Fasifik yake, inda ake da ɗumi da laima kusan duk shekara, kuma ba ya jin daɗi idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 15. To daren Kano a Disamba da Janairu yakan sauka ƙasa da haka, ga iska a bushe ƙayau har leɓe yana tsagewa. Ko sauya masa wuri kaɗai yana sa shi zubar da ganye, ni kuma na ɗauko shi daga filin lambu na kai shi lungu mai duhu, esi yana hura shi. Ta kuma ce dangin rogo da zurma ne, abin da ya sa na gane dalilin da yaron ya ce in wanke hannu idan farin ruwan jikinsa ya taɓa ni, kuma kada in bar jikokina su kai ganyen baki.

A can lambun, yaron ya yanke ruɓaɓɓiyar saiwar, ya haɗa ƙasar lambu da rairayi da ɗan ruɓaɓɓen taki, ya dasa ta a tukunyar ƙasa mai huda. Ya ce in kai ta kusa da tagar da ke samun ranar safe, nesa da esi da bakin ƙofa, in rufe tagar da dare. Kada in ba ta ruwa sai na tsoma yatsa zuwa gaɓar farko na ji ƙasar ta bushe, in zan ba ta kuma in zuba sosai har ya fito ta ƙasa, in zubar da wanda ya taru a faranti. Ganyen in wanke su gaba da baya da ruwa mai ɗan sabulu sau ɗaya a sati har wata guda, saboda ƙwan ƙwarin suna ƙyanƙyashewa daga baya. Taki kuwa sai ta yi toho. Abin da ya fi nanatawa shi ne, "Don Allah Hajiya, inda kika ajiye ta ki bar ta, kada a riƙa yawo da ita."

Kuɗin tukunya da ƙasa kawai aka karɓa. Na miƙa masa ɗan abin shan ruwa ya ƙi, sai da kai Baba ka ce ya karɓa, uwa ce ta ba shi.

Abin da ya ba ni mamaki bai kamata ya zama abin mamaki ba. Amma ku duba yadda muke yanzu. Ka shiga kemis ka ce kanka yana ciwo, kafin ka rufe baki an ƙulla maka magani kala huɗu. Ka kai mota gareji tana wata ƙara, a ce sai an canza abu kaza, a canza, ƙarar tana nan. Mai gyaran waya ya buɗe ya rufe ya ce ta mutu, ga wata yana sayarwa. Kowa yana da abin sayarwa, mai tambaya ne babu. Mutum uku na je wurinsu kafin ku, duk sana'arsu ɗaya da taku, babu wanda ya ɗaga tukunyar nan ya leƙa gindinta, aikin da bai kai minti ɗaya ba. Na san rayuwa ta yi tsada kuma kowa ciniki yake nema, amma ai ku ma a ƙasar kuke, kuma cinikin kuka bari ya wuce a ranar.

Yau sati bakwai ke nan. Ganye biyu sun ƙara faɗuwa a satin farko, kamar yadda ya ce za a yi, daga nan ta tsaya. Yanzu na ƙirga toho tara, har da biyu a tsakiyar karan da ya zama sanda. Korra ne shar, amma ya riga ya gaya mini haka suke fitowa, haske ne yake kawo ja da rawayan a hankali. Maigida ya daina tsokana, jiya ma shi na kama yana tsoma yatsa a tukunyar.

Baba, ka isar mini da gaisuwa ga yaron nan, Allah ya yi masa albarka, ya ƙara wa lambunku kasuwa. In Allah ya kai mu damina zan dawo da ita ya yanko mini reshe ɗaya ya dasa wa ƙanwata, kuma wannan karon zan tambayi sunansa.

Wassalam,
Wata mai shuka ɗaya tak, daga Kano